Yadda ake ɗaura sandar sirdi mai hawa da sauka a keken hawan dutse

Tambayoyi sun yi yawa a kan dirofa, wato sandar sirdin nan da mahayi ke danna liba a kan keke ta sauke masa sirdi idan zai gangara, ta kuma mayar da shi sama idan zai hau tudu, ba sai ya tsaya ba. Wasu sun saya sun rasa ta inda waya za ta bi. Wasu sun ɗaura amma sirdin na nutsewa da kansa. Wasu kuwa har yanzu ba su saya ba, suna tsoron kada su kashe kuɗi a kan abin da ba zai shiga kekensu ba.

Duk wanda ya iya canza wayar giya zai iya wannan aiki. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, yawancin dirofar da ake cewa ta lalace lafiyarta ƙalau. Ko dai an yi kuskure wajen awo, ko an matse ta fiye da kima, ko kuma waya ce ba ta zauna daidai ba. Saboda haka a waɗannan wurare uku zan fi tsayawa.

Bayanin ya shafi wadda ke aiki da waya, wayar kuma na bi ta cikin firam, don ita ce ta fi yawa yanzu. Mai aiki da mai a cikin tiyo, irin RockShox Reverb, tana buƙatar kayan fitar da iska na musamman. Marar waya kuwa, irin Reverb AXS, matakan awo da ɗauri kaɗai suka shafe ta.

1. Auna kaurin sanda

Zare sandar da ke jikin kekenka yanzu ka duba ƙasanta, galibi za ka ga an rubuta kaurinta. Awon da aka fi samu huɗu ne: milimita 27.2, 30.9, 31.6 da 34.9. Idan rubutun ya goge, auna da kalifa. Kada ka yi amfani da tef ɗin awo a nan, domin bambancin 30.9 da 31.6 bai kai milimita ɗaya ba, ido ba zai raba su ba.

A kula: lambar da ke jikin zoben da ke matse sanda a bakin bututu ba ita ce kaurin sanda ba, kaurin bayan bututu ce. Mutane da yawa sun ga 34.9 a jikin zoben sun sayo sanda mai 34.9, alhali kekensu 30.9 ko 31.6 yake ɗauka.

Sanda siririya tana shiga bututu mai faɗi idan an sa mata zoben cike, wanda ake kira shim. Mai kauri kuwa ba ta shiga ƙaramin bututu ko ta wace dabara. Kada ka goge ta, kada ka buɗa bututun.

2. Auna tsawo, sau biyu

Nan ne ake asarar kuɗi, don haka kada ka yi sauri.

Kowace dirofa tana da iyakar nisan da take sauka, shi ake kira tafiyarta: milimita 100, 125, 150, 170, 200, har wasu sun wuce haka. Kowa yana son mai doguwar tafiya, kuma da gaskiyarsa, don sirdi in ya ƙara nisa da jiki gangara ta fi daɗi. Sai dai tsawon ƙafarka da zurfin bututun kekenka su ne masu yanke hukunci.

Awo na farko: mayar da tsohuwar sanda, saita sirdi a tsawon da kake tuƙa feda kullum, sannan ka auna daga bakin zoben matsewa zuwa tsakiyar ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin sirdi. Rubuta lambar, za ka sake neman ta a mataki na 7 da na 10.

Awo na biyu: sassauta zoben, tura tsohuwar sanda ƙasa a hankali har ta tokare, yi alama, zare ta ka auna iya abin da ya shige. Idan sandar gajera ce ta shige duka ba ta tokare ba, nemo doguwa mai kauri ɗaya ka gwada da ita. Sanda siririya za ta yaudare ka, domin za ta wuce inda dirofa ba za ta wuce ba. Abubuwan da ke tare hanya a ciki su ne lanƙwasar bututu, notunan maƙalin gorar ruwa, da mahaɗar shok na baya a kekunan da ke da shi.

Yanzu ka nemo takardar awon dirofar da kake so, kowane kamfani yana fitar da ita. Lamba biyu kake nema: tsawo daga ƙarƙashin wuyanta (wato kaurin da sashe mai shiga yana fita ke ɓullowa daga ciki) zuwa mazaunin sirdi idan ta miƙe gaba ɗaya, da kuma cikakken tsawonta har da kunamar da ke gindi inda waya ke kamawa.

Ga misali da lambobi na ƙiyasi. Awonka na farko 230 ne. Dirofa mai tafiyar 170 ta nuna 215 daga wuya zuwa mazaunin sirdi. Tunda 215 bai kai 230 ba, za ta yi, wuyan zai tsaya milimita 15 sama da zoben matsewa. Da 245 ta nuna, ko ka tura ta har wuya sirdin zai fi ƙarfin ƙafarka duk lokacin da ya tashi. Daga nan sai ka cire 230 daga cikakken tsawonta. In cikakken tsawon 480 ne, 250 ke nan za su shiga cikin firam, kuma dole awonka na biyu ya wuce haka, ya bar sarari na wasu santimita don kube, wato rigar da waya ke bi ta cikinta, ya samu wurin lanƙwasawa.

Idan ka faɗo tsakanin awo biyu, ka nemi irin wadda ake rage wa tafiya. OneUp, alal misali, tana zuwa da 'yan ƙarafan da ke rage 10 ko 20. A ganina wannan ya fi ka ɗauki ƙarama ka yi asarar milimita 30 a banza.

Gargaɗi ga dogaye: akwai layin mafi ƙarancin shiga a jikin kowace sanda. Dole wannan layi ya ɓoye cikin bututu. In ya fito waje, nauyinka na iya tsaga bakin firam.

3. Duba hanyar waya da mazaunin liba

Nemi rami a ƙasan bututun sirdi ko kusa da wuyan keke, sau da yawa an toshe shi da roba. In akwai, kekenka na karɓar mai wayar ciki. In babu, sayi wadda wayarta ke bi ta waje, kuma ka zaɓi mai kama waya a wuyan sanda, domin mai kamawa a saman sanda kubenta yana naɗewa ya taɓa taya duk lokacin da sirdi ya sauka.

Kada ka huda firam da kanka. Garanti zai tafi, kuma rami a wurin da bai dace ba mafarin tsagewa ne.

Batun liba kuwa: keken da ba shi da giyar gaba, gefen hagu a ƙarƙashin kai babu komai, nan liba mai kama da ta giya ke zama, kuma ita ta fi daɗin dannawa. Keke mai giyar gaba sai ƙaramar liba mai zama a saman kai. Tana iya zuwa da zobenta na milimita 22.2, ko ta maƙale a jikin libar birki ta hanyar MatchMaker na SRAM ko I-Spec na Shimano. I-Spec iri-iri ne kuma ba sa shiga juna, ka duba wanda birkinka ke da shi.

4. Kayan aiki da abin da za ka kashe

- Alanki daga milimita 2 zuwa 5, da T25 mai bakin tauraro
- Almakashin yanke waya da kube
- Sifana mai auna ƙarfin ɗauri
- Wayar giya sabuwa da kuben giya mai kaurin milimita 4, da hulunan bakin kube
- 'Yar hular ƙarshen waya
- Giris ga firam na alminiyam ko ƙarfe, man riƙo na musamman ga firam na kabon
- Tsinken ƙarfe, salatif, alƙalamin maka da tsumma mai tsabta

Babban kuɗin na sandar ne, amma ka tambaya ko liba na cikin kwalin, domin kamfanoni da yawa daban suke sayar da ita, wani lokaci har da waya da kube. Cikin kayan aiki biyu ne ba na so a yi musu rowa: almakashin kube da sifana mai auna ƙarfi. Filaya tana murƙushe kube, ɗauri da ƙiyasi kuma shi ke shaƙe sanda. In ba za ka saya ba, ka ara.

Kuben birki ba ya aiki a nan. Ya fi kauri, kuma yana matsewa idan an ja waya, sai libar ta yi laushi.

5. Cire tsohuwa, share bututu

Kwance sirdi, zare sanda, ka goge cikin bututu da tsumma har tsohon giris da ƙasa su fita. Sa yatsa a bakin ka ji ko akwai kaifi mai iya karce sabuwar sanda.

Idan kana da abin rataye keke don gyara, kada ka taɓa kama dirofa ta sashenta mai santsi da ke shiga yana fita. Karce ɗaya a wurin zai riƙa cin robar wuya yana shigar da datti.

6. Zura kube cikin firam

Wannan mataki yana iya ɗaukar minti biyu, yana iya ɗaukar rabin sa'a, ya danganta da firam. Wasu firam suna da ƙananan bututu a ciki, kana tura kube daga gaba sai ya fito ta bututun sirdi da kansa. Wasu kuwa fili ne kawai a ciki, sai ka yi dabara.

Kada ka yanke kube tukuna, zura shi da tsawonsa. Inda ya fi tokarewa shi ne kwanar da ke wajen mahaɗar feda, inda zai juya sama. Ɗan lanƙwasa ƙarshensa da hannu kafin ka tura, in ya tokare ka riƙa murza shi kana turawa. In ya ƙi, fara zura wayar giya ita kaɗai, ka ja kanta da maganaɗisu daga waje har ta ɓullo, sannan kube ya bi ta kanta. Wata dabarar ita ce zare mai ƙwari da injin zuƙar ƙura: sa zaren ta rami ɗaya, toshe sauran ramuka, zuƙo shi ta ɗayan, ka ɗaure waya ka ja. Idan akwai tsohon kube a ciki, kada ka zare shi haka kawai, haɗa bakinsa da sabon ya ja maka shi.

A keke mai lantarki, kube kan bi ta saman injin. In ya maƙale a wurin kada ka ja da ƙarfi, akwai wayoyin lantarki kusa. Wani lokaci sai an sassauta injin, wannan kuwa gara ka bar wa makaniken da ya san irin keken.

Ka bar kuben ya leƙo sama da bakin bututun sirdi kamar tsawon hannu.

7. Auna kube ka yanke

Ɗaura liba a kan keke, kada ka matse sosai. Sa hula a bakin kuben da ya fito ta bututun sirdi, zaunar da shi a mazauninsa a gindin dirofa, ka liƙe da salatif don kada ya zame. Har yanzu babu waya a ciki.

Tura dirofa cikin bututu da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana jan kube daga gaba a lokaci guda. Ka tsaya idan mazaunin sirdi ya kai awonka na farko. Matse zobe kaɗan.

Gargaɗi: in ka tura sanda ba ka ja kube ba, zai naɗe a ƙarƙashinta ya karye a ciki. Daga waje ba za ka ga komai ba, sai dai liba ta yi nauyi, ka yi ta neman laifi a inda babu.

Juya kan keke har ƙarshe zuwa dama, sannan zuwa hagu. A inda kube ya fi miƙewa, kai shi bakin liba ka yi alama da maka. Ana so ya yi baka mai laushi, ba ya ja kuma ba ya lilo har ya kama reshe. Ƙara ɗan rara saboda faɗuwa, domin kai yakan juya fiye da yadda kake juya shi da hannu. In kana shakka, yanke shi da tsawo, ragewa mai sauƙi ce. Wanda ya gajarta sai dai ka koma mataki na 6.

Yanke shi a miƙe da bugu ɗaya. Buɗa bakin da tsinke har ramin ya koma zagayayye, sannan ka sa hula.

8. Sa waya

Cire liba daga kan keke don kube ya samu sakewa, sassauta zobe, ka zaro dirofa kana tura kube daga gaba.

Duba takardar kamfani ka ga ta ina ƙullin waya, wato dunƙulen ƙarfen da ke ƙarshenta, ke zama. A yawancin na yanzu ƙullin yana gindin sanda, libar ce ke kama ɗayan ƙarshen da noti. A wasu kuwa ƙullin yana liba, gindin sanda ke kamawa da ɗan ƙarfe mai noti, kuma kamfani yana faɗin tazarar da za a bari tsakanin bakin kube da ƙarfen. Irin na farko ya fi sauƙin saiti nesa ba kusa ba. Ka tabbata libarka da sandarka sun dace, don in duka biyun ƙulli suke nema, sai an samo ɗan ƙarfen haɗi.

Ga irin na farko: zaunar da ƙullin a kunama, zura wayar ta cikin kube har ta fito gaba, ja ta har hular kube ta zauna daram a mazauninta. Riƙe wayar a miƙe daga yanzu har ka gama, in ta saki ƙullin na iya fita daga kunama a cikin firam.

Shafa giris kaɗan ko man riƙo a ƙasan sanda. Mayar da ita cikin bututu kana jan kube da waya tare daga gaba.

9. Kama waya a liba

Mayar da liba. Akwai ɗan noti mai juyawa a inda kube ke shiga, shi ne notin saiti. Murɗa shi ciki har ƙarshe, sannan ka dawo da shi waje zagaye biyu, don ka samu damar ƙarawa ko ragewa. Zura waya, ja ta da filaya har sakin ya ƙare amma ba har kunama ta motsa ba, sannan ka ɗaure notin kamawa. Ƙaramin noti ne, kansa na saurin cinyewa, yi amfani da alanki mai kaifin baki.

Danna liba sau goma zuwa ashirin da ɗan ƙarfi. Wannan yana zaunar da hulunan kube, za ka ji wayar ta ɗan saki. Gyara da notin saiti.

A cikin sandar akwai bawul, kamar na kujerar ofis mai hawa da sauka: ka danna ya buɗe, ka saki ya kulle. Wayar da ta yi tauri tana barin bawul a ɗan buɗe, sai sirdi ya riƙa nutsewa ko tashi da kansa. Wadda ta yi sako-sako ba ta buɗe shi sosai, sai sandar ta riƙa tafiya a hankali ko ta ƙi motsi. Abin da ake nema shi ne liba ta yi ɗan wasa na milimita ɗaya ko biyu kafin ta fara jan waya.

Kada ka yanke rarar waya sai komai ya zauna. In ya zauna, bar kamar santimita biyu ko uku, yanke, ka matse 'yar hula a ƙarshen don kada ta warware ta soki yatsa.

10. Sirdi da ɗaurin zobe

Ɗora sirdi. Yawancin dirofa noti biyu gare su, na gaba da na baya, da su ake daidaita karkata. Ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, zuwa ƙarfin da aka rubuta a jiki. Idan ƙarafan sirdinka na kabon ne masu siffar ƙwai, milimita 7 da 9, ka tabbata mazaunin yana karɓar su, domin wasu mazaunai na zagayayyun ƙarafa masu milimita 7 ne kawai. In akwai bawul ɗin iska a ƙarƙashin mazaunin, duba iskar da famfon shok kafin ka rufe shi da sirdi, ka bi adadin da kamfani ya bayar, kuma sandar na miƙe za ka auna. Waɗanda aka rufe cikinsu tun daga masana'anta ba a ƙara musu iska.

Sake gwada awonka na farko, saita hancin sirdi ya kalli gaba, sannan ka ɗaure zoben matsewa. Dirofa bututu ce da wani bututu ke zamewa a cikinta, in ka matse na waje na ciki zai shaƙe. Yawanci ƙarfin yana tsakanin Nm 4 zuwa 6 a awon sifana mai auna ƙarfi. Duba abin da kamfanin firam da na sanda suka faɗa, ka bi wanda ya fi ƙanƙanta. Idan sanda na zamewa ƙasa a wannan ƙarfi, maganin shi ne ka goge giris ka sa man riƙo, ba ka ƙara ɗauri ba. Zobe mai hannun buɗewa da sauri kuwa, ina ba da shawara a canza shi da mai noti, don ba a iya auna ƙarfinsa.

Daga nan ka daidaita liba yadda babban yatsanka zai same ta ba tare da ka saki riƙo ba, ka ɗaure.

11. Gwaji kafin fita

Hau keke kusa da bango. Danna liba, zauna da nauyinka, saki liba, sannan ka tashi. Sirdi ya tsaya a ƙasa. Sake danna, ya tashi har ƙarshe, galibi za ka ji ƙarar isarsa. Kada ka sunkuya a kansa lokacin da yake tashi, wasu da ƙarfi suke fitowa. Gwada tsayar da shi a tsakiya, juya kan keke hagu da dama ka ga ko juyawar na sa shi motsi. In yana motsi, kube ya gajarta.

Masu shok na baya, akwai gwajin da ake yawan tsallakewa kuma yana da haɗari. Rubuta yawan iskar da ke shok, fitar da ita a hankali, sauke sirdi har ƙasa, ka danna keke har shok ya ƙure. Duba ko tayar baya na taɓa sirdi. In tana taɓawa, matsar da sirdi gaba ko ka rage tafiyar sanda, domin taya ta kama sirdi a tsakiyar dira na iya jefar da mutum. Mayar da iskar yadda take.

Idan sirdi yana nutsewa da kansa, sassauta waya. Idan ya ƙi sauka, ƙara mata tauri, in bai yi ba duba ko ƙulli ya fita daga kunama. Idan yana tashi a hankali ko yana tsayawa kafin ƙarshe, fara sassauta zoben matsewa ka gwada, sai bayan nan ka zargi iska. Liba mai nauyi kuwa kusan kullum karyayyen kube ne ko baki da ba a buɗa ba. Ɗan girgiza hagu da dama a hancin sirdi ba laifi ba ne, kusan kowace dirofa tana da shi tun tana sabuwa.

12. Kula da ita

Bayan kowane hawa goge sashe mai santsi da tsumma, musamman bakin wuya. Kada ka fesa mata ruwa mai ƙarfi a wurin. Kada ka ɗaga keke ta sirdi yana ƙasa, domin a wasu nau'o'in hakan na sa iska ta gauraya da mai, sirdi ya koma yana lotsawa idan ka zauna. Ajiye keke da sandar a miƙe. Lokaci-lokaci kwance murfin wuya, in irin mai kwancewa da hannu ne, ka share ka sa giris mai laushi irin na shok. Bayan hawa biyu ko uku na farko ka sake duba taurin waya da notunan sirdi, don a wannan lokaci ne sabon kube ke gama zama.